Zugin Ƙafa da Magungunan Gida: Jawabi ga Hakimai da Malamansu na Bebeji, Ƙiru, Tudun Wada da Doguwa

Maganar da aka taru a kanta yau ita ce wata cuta wadda ba ta da suna guda a bakin talakawa. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce ya taka sammu, wani kuwa ya ce tsufa ne kurum. Alamarta dai ɗaya ce. Tafin ƙafa ya dinga zugi kamar an ɗora shi bisa garwashi, ko a ji kamar ana tsira allura, ko kamar tururuwa na yawo cikin fata, abin kuma ya fi tsanani da dare har ya hana barci. Likitoci sun san wannan cuta sarai, lalacewar jijiyoyin ji ce.

Misalin jijiyoyin nan kamar manzanni ne masu kai labari daga ƙauye zuwa ga hakimi. Kowace gaɓa tana da nata manzo mai kai wa ƙwaƙwalwa labarin zafi da sanyi da rauni. To, duk cikin jiki babu manzon da hanyarsa ta kai ta manzon yatsun ƙafa tsawo, kamar yadda Riruwai ta yi wa birnin Kano nisa. Saboda haka in cuta ta taɓa jijiyoyi, na ƙafa su ne ke fara kasawa. Da farko manzon ya riƙa kai labarin ƙarya, ya ce wuta na ci alhali babu wuta. Daga baya ya yi shiru ɗungum, ko ƙaya ta soki mutum ba ya ji. Sau da yawa kuma abubuwan nan biyu suna haɗuwa a ƙafa guda, tana zugi, amma ba ta jin abin da ya taɓa ta. Wannan shi ne tushen haɗarin da ake so hakimai su riƙe.

A zamanin yanzu babban sanadin abin shi ne ciwon sukari, har an ƙiyasta kusan rabin masu ciwon za su gamu da shi in sun daɗe da cutar. Akwai kuma kuturta, wadda ke kashe jijiya tun ba a ga kome a yatsu ba, sai fa wani tabo mai haske a fata wanda ba ya jin taɓi. Shan giya da ƙarancin sinadarin bitamin B12 su ma suna jawo shi. Haka nan ƙwayar isoniazid da ake ba masu tarin fuka, shi ya sa akan haɗa musu da bitamin B6. Tun da yake sanadin ba ɗaya ba ne, magani guda ba zai game kowa ba, sai an gano tushen tukuna.

Mutumin da zugi ya hana shi barci ba ya zama, kuma ba a ga laifinsa ba. Abin da aka fi yi shi ne gashi. Da hunturu, musamman a ƙasar duwatsun Doguwa inda sanyi ke da tsanani, dattijo ya miƙa ƙafa ga kaskon wuta, ko ya tsoma ta cikin ruwan zafi, ko a gasa masa da tsumma. Mai lafiya in zafi ya yi yawa zai janye ƙafarsa. Mai wannan cuta kuwa babu manzon da zai gaya masa, sai da safe a ga ƙuna ta yi bororo. Wasu kuma su tafi wurin wanzami a yi musu tsaga ko ƙaho, ko su sa reza su yanke kanta da kaushi. A jikin mai ciwon sukari rauni ba ya warkewa da wuri, ɗan yanka kaɗan ya isa ya zama gyambo, gyambo ya ci har ƙashi, a ƙarshe likita ya rasa dabara sai yanke ƙafa.

Daɗin daɗawa, yanzu akwai na'urori da ake talla a kasuwanni da cikin wayar hannu. Akwai mai jijjiga ƙafa, akwai fitila mai jan haske, akwai wadda ake manna wa fata tana sakin lantarki kaɗan kaɗan, akwai kuma takalmi mai ƙuraje wanda aka ce yana tausa. Gaskiyar magana, babu ɗaya cikinsu da ke raya jijiyar da ta lalace. Mai sakin lantarki takan rage wa waɗansu zugi na ɗan lokaci, amma binciken likitoci bai ba da tabbaci mai ƙarfi a kanta ba. Duk na'urar da ke ɗumama kuwa hukuncinta ɗaya da kaskon wuta, takalmi mai ƙuraje kuma yana iya huda tafin da ba ya ji. Babbar hasarar ita ce kuɗin da magidanci zai zuba a kan na'ura, maimakon gwajin jini da magani.

Wannan darasi ba sabo ba ne. A shekarun 1950 wani likita mai suna Paul Brand, yana aiki a Vellore ta ƙasar Indiya, ya nuna cewa ba kuturta ce ke cinye yatsu da kanta ba. Rauni ne bisa rauni, wanda mai shi bai ji ba, har yatsu su ƙare. Da aka koya wa majiyyata duba ƙafa kullum da sa takalmi mai taushi, sai yatsu suka tsira. Abin da ya tabbata ga kuturta haka yake ga ciwon sukari.

Saboda haka abin da ya kamata mai zugin ƙafa ya fara yi shi ne ya tafi asibiti mafi kusa a gwada sukarin jininsa da safe kafin ya ci kome. In ya kai 126 a awon miligiram, watau 7 a awon milimol, kuma aka sake gwadawa aka sami haka, to, ciwon sukari ne. Malamin asibiti zai kuma taɓa tafin ƙafar da wani siririn zare na roba, ya ga inda ake ji da inda ba a ji. In abin ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti, akwai Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a birni. In kuwa kuturta ce, maganinta yana nan. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar haɗa ƙwayoyi, daga 1995 kuma aka fara ba da su kyauta. Wata 6 ko wata 12 ake sha, gwargwadon irin cutar, kuma asibitin Yadakunya ya daɗe da sanin wannan aiki tun kafin mulkin kai.

Shi zugin kansa yana da magunguna, irin su amitriptyline da duloxetine da gabapentin da pregabalin. Amma fa likita ne ke zaɓa, a fara da kaɗan, kuma akan yi mako biyu zuwa huɗu kafin a ji daɗinsu sosai. Suna rage zugi ne, ba lalle su kawar da shi duka ba, sai a yi haƙuri kada a watsar. Farasitamol ba ya yin wani abin kirki ga irin wannan ciwo. Tiramol da ake saye a bayan fage kuwa kama mutum yake yi, ya bar shi da cuta biyu.

Akwai aikin gida mai amfani, kuma ba ya cin ko kwabo. Musulmi yana wanke ƙafarsa in zai yi alwala, to, sai ya mai da wannan lokacin duba ta, sama da ƙasa da tsakanin yatsu. In idonsa ya yi rauni, ɗa ko jika ya duba masa. Kafin ya sa ƙafa a ruwa ya gwada shi da gwiwar hannu. Ya tsane ƙafar sosai, ya shafa man kaɗanya saboda faso, amma ban da tsakanin yatsu. In sanyi ya dame shi ya sa safa, kada ya kusanci wuta. Kada ya yi tafiya ba takalmi, ko a tsakar gida, balle a gonar rani ta bakin Tiga ko cikin tsakuwar Riruwai ko hanyar kiwo ta dajin Falgore. Ya zazzage takalmi kafin ya sa. In ya ga rauni, ko kumburi, ko yatsa ya yi baƙi, ranar nan zai tafi asibiti, ba gobe ba.

Abin da ake roƙon hakimai shi ne su isar da wannan magana ga dagatai da masu unguwanni da limamai. Su kira Sarkin Aska su yi shawara da shi cikin mutunci, domin wanzamai su daina tsaga ƙafar mai ciwon sukari ko wadda ba ta ji, su tura mai ita asibiti. Sarkin Kasuwa kuma ya sa ido kan masu tallar na'ura da alkawarin warkarwa. Malamai su rubuta wa dagatai abubuwan nan a taƙaice don a karanta a masallatan Juma'a. Wanda ake zaton yana da kuturta kuwa a rufa masa asiri, kada a kira sunansa cikin taro, gama kunya ce ke sa mutane ɓoyewa har jijiya ta mutu, alhali wanda ya fara shan magani ba ya yaɗa cutar.

Magidanci guda in ya rasa ƙafa, gona ta kwanta, gida duka ya shiga wahala. Tsare ƙafar kuwa ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, in an ji magana tun da wuri. Allah ya ja zamanin sarakuna, ya ba talakawa lafiya, amin.