Amanar Maƙwabci: Koya wa Yara Tarihin Tsare Japanawan Amurka



A ranar 7 ga Disamba 1941 jiragen yaƙin Japan suka kai hari Pearl Harbor. Ran 19 ga Fabrairu 1942 Shugaba Roosevelt na Amurka ya sa hannu a kan umarni mai lamba 9066, wanda ya ba soja ikon tashin mutane daga gaɓar yamma ta ƙasar. Aka kwashe kimanin mutum 120,000 masu asalin Japan, aka zuba su a sansanoni goma, irin su Manzanar a Kalifoniya. Kashi biyu cikin uku 'yan ƙasa ne, haifaffun Amurka. Ba a kai su gaban alƙali ba, balle a tabbatar musu da wani laifi. Sai a 1988 gwamnati ta nemi gafara, ta kuma amince za ta biya kowane wanda ke raye dala 20,000.

To, me ya haɗa yaron firamare na Ɗambatta ko Bichi ko Minjibir da wannan labari? Abin da ya haɗa su shi ne gona. Da yawa daga waɗanda aka tsare manoma ne. Yaron wannan yanki ya tashi ne inda gonaki suke a manne da juna, kowace kuka da ɗorawa tana da mai ita, kuma ya ga mahaifinsa yana kai taki gona da rani. Saboda haka ya fi ɗan birni sanin zafin a raba mutum da ƙasar da ya raya.

Daga nan ya kamata malami ya fara, shekaru da lambar doka su biyo baya. Alal misali, sai ya tambayi aji: in aka ce wa gidanku gobe ku tashi, kada kowa ya ɗauki abin da ya fi ƙarfin hannunsa, ga gero ya fid da kai, me za ku ɗauka? Wa zai ba akuya ruwa? In yara suka gama amsawa, sai ya gaya musu cewa haka aka yi wa wasu yara sa'o'insu, har wasu aka fara ajiye su a bargar dawaki.

Kada malami ya bar yaro da tsoro kawai. Ya ba shi labarin Bob Fletcher, wani malamin gona a garin Florin, wanda ya ajiye aikinsa ya riƙe gonakin gidaje uku na Japanawa, yana nomawa yana biya musu haraji, har suka dawo ya miƙa musu abinsu. Yaron Bahaushe ya san sunan wannan hali, watau amana.

Amma laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani. Malamin da ya tsaya ga aibin Amurka ya yi rabin aiki. A 1966 an kashe Inyamurai masu yawa a Kano da wasu garuruwan Arewa saboda ƙabilarsu, dubbai suka gudu suka bar shaguna da gidaje, ko da yake an sami maƙwabta da suka ɓoye wasu. Ba a ce a zayyana wa ɗan shekara takwas yadda aka zub da jini ba. Ya isa ya san abin ya faru a nan ma, kuma ya san akwai waɗanda suka ƙi sa hannu. Har ila yau, ɗan Fulanin da ke zaune kusa da shi a aji yana iya jin ana jingina wa dukan danginsa laifin 'yan bindigar da bai taɓa gani ba. Shari'a kuwa ba ta kama wani da laifin wani.

A 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da dawo da darasin tarihi a makarantun firamare da ƙananan sakandare. Ya rage ga ɗaliban da za su riƙe alli, da ma'aikatan da ke tsara manhaja, su ba irin wannan darasi gurbi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya amsa tambayar wa zai ba akuya ruwa, zai yi wuya ya girma ya cinna wa rumbun maƙwabcinsa wuta.

Allah ya sa a dace.