Injin Ban Ruwa Da Mashayar Shanu: Jawabi Ga Makiyaya Da Fatake A Suk al-Shabi



A zamanin kakanninmu da jigo ko sakiya ake ban ruwa a bakin Nilu, lambu bai wuce ɗan fili ba. Da injin dizal ya shigo, sai mutum ɗaya ya shayar da fili mai yawa, ya shinge gaɓar kogi, alhali nan ne mashayarmu. Garke ya zo da ƙishi, ya tarar da tiyo kwance bisa burtali, ya tattake, sai rigima da tara.

Mu ba ma gaba da masu lambu. Dawar abu sab'in da ake yanka wajen kwana 70, ita da ciyawar barsim, su suka riƙa ƙosar da shanun kasuwar Muwaileh ta yammacin Omdurman kafin yaƙin 2023. Su kuma takinmu suke so.

Saboda haka, duk inda za a sake kafa inji, muna roƙo a zauna da shehun ƙauye tun ba a haƙa magudana ba. A bar hanya mai faɗi zuwa ruwa, a binne tiyo inda garke zai ratsa. Wanda shanunsa suka yi ɓarna bayan haka ya biya, ƙungiya ba za ta tsaya masa ba.