Masu Keken Dutse Da Suka Ɗauki Fartanya

Laccar wannan wata, domin karantawa a azuzuwan yaƙi da jahilci

 

Laccar wannan wata a kan hanya ce. Ba babban titi mai kwalta ba, wanda gwamnati take ba ɗan kwangila. 'Yar siririyar turba ce a cikin daji, wadda faɗinta bai wuce taku ɗaya ba. Mutanen da za ku ji labarinsu kuwa Amurkawa ne masu hawan keke a kan duwatsu.

Wani zai ce, me ya kai mutum kan dutse da keke? Ba kasuwa ake ci a can ba, ba kuma gona gare shi ba. To, wasa ne, kamar yadda ake sukuwar doki ranar Salla. Suna yi ne don motsa jini da nishaɗi.

Abin ya samo asali ne a gundumar Marin da ke jihar Kalifoniya, wajen shekarun 1970. Wasu samari suka riƙa tsinto tsofaffin kekuna masu kaurin taya, suna gyara su. Sai su tura su zuwa kan tsaunukan da ke kewayen dutsen Tamalpais, su gangaro a guje. A watan Oktoba na 1976 suka fara yin tsere a wata gangara mai tsawon mil 2. Kafin mutum ya kai ƙasa birkinsa ya yi zafi, giris ɗin ciki ya ƙone, sai an sake ɗura wani. Shi ya sa suka sa wa tseren suna Repack, watau sake ɗurawa. A 1977 ɗaya daga cikinsu, Joe Breeze, ya ƙera keke musamman domin hawan dutse. A 1981 wani kamfani mai suna Specialized ya fara ƙera irin wannan keke da yawa yana kaiwa kasuwa. Kafin a ce haka, daji ya cika da masu keke.

Nan rigima ta tashi. Hanyoyin dajin nan dama suna da masu bin su, watau masu yawo da ƙafa da mahaya dawaki. Tsoho yana tafe a hankali, sai keke ya ɓullo masa daga kwana a guje. Doki ya firgita, ya nemi ya kā da mai shi. Aka kai ƙara wurin hukuma, aka ce masu keke suna tsorata mutane, suna kuma lalata hanya. A 1984 hukumar gandun daji ta Amurka ta hana shiga da keke cikin keɓaɓɓun dazuzzukan da doka ta ce a bar su yadda Allah ya yi su. A Kalifoniya ma aka yi ta kafa alluna ana rufe hanyoyi ɗaya bayan ɗaya.

A 1988 ƙungiyoyi 5 na masu keke a Kalifoniya suka haɗu suka kafa uwar ƙungiya guda, wadda ake taƙaita sunanta da IMBA. Sun rubuta takardun koke, sun je taro da hukuma. Amma abin da ya fi yi musu amfani ba baki ba ne. Sun je wa ma'aikatan gandun daji da tayi. Ku kuna da hanyoyi da yawa, ba ku da isassun ma'aikata. Mu muna da ƙarfi, muna da ranar hutu. Ku bar mu mu gyara, ba ma son ko kwabo. Ma'aikacin da ya ga mutum ya yini yana sara da diga a gefensa, da wuya gobe ya rufe masa hanya.

Suka kuma shimfiɗa wa kansu dokoki. Mai keke shi zai kauce wa mai ƙafa, shi zai kauce wa mai doki. Ba a bin hanyar da aka rufe. Ba a firgita dabba. Daga 1997 ƙungiyar ta riƙa aika malamai bibbiyu cikin motocin da kamfanin Subaru ya bayar. Suka yi shekaru suna zagaya gari gari, suna koya wa 'yan sa kai yadda ake yin turba. A 2004 aka tattara wannan ilmi aka buga shi littafi.

Aikin nasu gayya ce sak. Ana sa rana, galibi Asabar ko Lahadi. Ana haɗuwa da safe a bakin daji. Shugaban aiki ya yi bayanin yadda ake riƙe kayan aiki, ya gargaɗi kowa ya ba na kusa da shi tazara kada a sari juna. Sai a raba mutane ƙungiya ƙungiya. Akwai likita a ciki, akwai makanike, akwai mata, akwai yara 'yan makaranta. Da azahar a ci abinci tare, a watse. Sai dai su ba su da makaɗin gayya. A Amurka har rana guda aka ware, Asabar ta farko a watan Yuni, wadda tun 1993 ake fita aikin hanyoyin daji a duk faɗin ƙasar.

Kayan aikinsu ba baƙi ba ne ga manomi. Akwai shebur, diga, baro da bokiti. Akwai wasu guda biyu da suka gada daga masu kashe gobarar daji. Ɗaya ana kiransa Pulaski. Gefe ɗaya gatari ne, ɗaya gefen gizago. Sunan wani ma'aikacin gandun daji ne, Ed Pulaski, wanda a babbar gobarar 1910 a jihar Idaho ya shigar da mutanensa cikin ramin ma'adinai, yawancinsu suka tsira. Na biyun sunansa McLeod. Gefe ɗaya manjagara ce, ɗaya gefen faffaɗar fartanya, kuma da shi ake daɓe ƙasa. Maƙerin ƙauye zai iya ƙera kowane ɗayansu in ya ga samfuri.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan ne gundarin laccar.

Da suka daɗe a aikin, sai suka gane ba taya ce take cinye hanya ba, ba kuma ƙafa ba. Ruwa ne. Taya da ƙafa da kofato suna sassauta ƙasa ne kawai, ruwa shi ke kwashe ta. Wani bincike da aka buga a 1994, wanda aka yi a jihar Montana, ya nuna kofaton doki ya fi tayar keke tayar da ƙasa. Amma ko wane ne ya tayar, in ruwa bai sami hanyar gudu ba, ƙasar tana nan inda take.

Duba yadda abin yake faruwa. Mutane sun yi ta bin wuri ɗaya, tsakiyar turba ta ɗan lotsa. Ruwan sama ya sauka, ya ga ga lambatu an haƙa masa kyauta. Sai ya bi ta ciki. Gwargwadon nisan da ya yi a kan turbar, gwargwadon yawansa da ƙarfinsa. A taku goma na farko rairayi yake ɗauka. A taku ɗari, tsakuwa yake turawa. Damina uku, turba ta zama kwazazzabo. Masu wucewa su kauce su buɗe sabuwa a gefe, ita ma ta bi sahun yayarta.

Saboda haka dokarsu ta farko ita ce, ba a yin turba ta miƙe tsaye daga gindin tudu zuwa kansa. Wannan ita ce hanyar da ruwa yake bi, kuma ba a haɗa hanya da shi. Sai dai a bi tudu a kaikaice, kamar yadda manomi mai lura yake yin kunya a gicciye a gonar gangare. Sun ma sa wa abin awo. Hawan turba kada ya wuce rabin hawan tudun da take ratsawa. In ya wuce rabi, ruwa zai bar gangarensa ya bi turba. Sa'an nan in an haɗa tsawon turbar duka, ana so a kowane taku 10 da aka yi gaba, hawan da aka yi sama kada ya wuce taku 1. Tafiya takan ƙara tsawo, gaskiya ne. Amma jaki da kaya ma ya fi son irin wannan hanya.

Abu na biyu, ba a yin fuskar turba a miƙe kamar daɓen ɗaki. Ana ɗan karkatar da ita wajen gangare. Karkatar ba ta da yawa. In faɗin turba mita 1 ne, bakin waje ya yi ƙasa da na ciki da kamar faɗin yatsu uku. Mai tafiya ba zai ma ji ba, amma ruwa zai ji. Ya zo ya tsallake turbar a baje, ya wuce abinsa.

Na uku shi ne wanda suka fi ji da shi. Ba a barin turba ta yi ta gangarawa babu hutu. In ta gangara 'yan takuna, sai a sa ta ɗan hau, sa'an nan ta sake gangarawa. Ruwa ba ya hawa tudu. Da ya iso ƙasan lotsawar nan dole ya fita ta gefe. Ta haka ake yanka ruwa gunduwa gunduwa, ba a bari ya taru ya yi ƙarfi. Masu keke kuwa daɗi suke ji, don hawa da saukar nan ita ce wasan.

Inda ba makawa sai an ratsa wuri mai laka, suna jera manyan duwatsu, fuska mai faɗi tana sama, su cike tsakani da tsakuwa. A dazuzzukan arewacin birnin Bankuba na ƙasar Kanada, inda ruwan sama ya yi yawa, kadarko suke yi na katako a kan caɓi.

To, amma gina sabuwar turba shi ne mai sauƙi. Ranar buɗe sabon aiki kowa yana zuwa, har da mai ɗaukar hoto. Gyara shi ne ba a rububi. Shekara na zagayowa, ƙasa da ganye sukan taru a bakin turba na waje su yi 'yar kunya. Wannan 'yar kunya ita ke tsare ruwa ta mayar da turba lambatu. Sai an bi da fartanya an kankare ta. Mafitar ruwa takan cike da rairayi, sai an kwashe. Itace ya faɗi, sai an sare. Aikin awa biyu ne in an yi a kan kari. In an bar shi damina biyu, ya zama na mako guda. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa suke raba turba yanki yanki. Wannan yanki na wane ne, wancan na shagon masu sayar da keke ne, har a kafa allo da suna. In ya lalace an san wanda za a tambaya. Akwai kuma doka mai wuya, wadda ba kowa ke bi ba. In an yi ruwa ƙasa ta jiƙe, a haƙura da hawa sai ta sha iska. Sawun taya ɗaya a cikin laka yakan bushe ya zama magudana.

Akwai abin da fartanya ba ta gyarawa. A garin East Burke na jihar Vermont an kafa wata ƙungiya a 1994 mai suna Kingdom Trails. Ma'aikatanta da 'yan sa kai suka yi turbobi fiye da mil 100. Yawancinsu sun ratsa ta gonaki da dazuzzukan mutane ne, masu fili kusan 100, waɗanda suka yarda a bi ta cikin ƙasarsu. Garin ya yi suna, baƙi suka yi ta zuwa, masu masauki da masu abinci suka sami ciniki. A ƙarshen 2019 sai masu fili uku suka ce kada keke ya sake bi ta ƙasarsu. Abin da aka ruwaito shi ne cunkoso ya yi yawa, kuma wasu mahaya ba su da ladabi ga masu wuri. Filayen nan uku a tsakiya suke, don haka hanyoyi da dama suka yanke. Babban bikin keke da aka saba yi a can duk shekara aka soke na 2020. Aikin shekara 25 ne rashin gaisuwa ya girgiza.

Jama'a, ba cewa ake yi ku je ku hau dutse da keke ba. Kekenku na kai kaya kasuwa ne, da kai mara lafiya asibiti. Amma ruwan Kalifoniya da na ƙauyenku halinsu ɗaya. Turbar da ta gangara rafi, da ta gona, da burtalin shanu, duk haka ruwa yake cin su. Mutanen Dutse da Kwatarkwashi da ƙauyukan Filato za su iya ɗaukar waɗannan dabaru yadda suke. Inda ƙasa take a shimfiɗe kuwa, ruwa ba ya gudu, kwanciya yake yi. Nan sai a ɗaga tsakiyar turba da marmara ta yi doro, a yi 'yar lambatu a gefe, a nema mata mafita. Sai dai a kula. Kada a juya ruwa cikin gonar wani ba da saninsa ba. A fara sanar da mai unguwa, a zauna da masu gonakin da ke bakin hanya.

Gayyar hanya an saba kiranta ne bayan damina, sa'ad da ɓarna ta riga ta auku. A gwada kiran wata ƙarama kafin ruwa ya kankama. Kuma ranar da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, mutum biyu ko uku su yafa buhu su bi turbar ana cikin ruwan. Duk inda suka ga ruwa ya hau hanya, da inda ya ƙi sauka, su kafa tsinke. Washegari nan za a sa fartanya.