Ciwon Baya da Ƙugu ga Mai Juna Biyu

 

An nemi in yi magana a kan ciwon baya da ciwon ƙugu da ke damun mata masu juna biyu. Kusan kowane gida ya san wannan ciwo, kuma sanin da aka yi masa ne ya sa ya rasa mai kula da shi. Mace za ta ce wa surukarta, "Inna, bayana kamar zai tsinke," a ce mata, "Ai ciki ya gaji haka, mu ma da haka muka haife su." In cikin fari ne ma ba za ta faɗa ba, kunya ba za ta bar ta ba. Gaskiya ne ciki na zuwa da shi. Bincike a ƙasashe da dama ya nuna rabin masu ciki ko fiye suna fama da ciwon baya, kuma kusan mace 1 cikin 5 tana samun ciwon ƙashin ƙugu. To amma yawan masu ciwon bai rage wa kowacce raɗaɗinta ba, kuma akwai abin yi, mafi yawansa a cikin gida.

Daga ina ciwon yake tasowa? Kafin ta haihu, mace kan ƙara nauyin kilo 10 zuwa 12, galibinsa a gaba. Ciki yana janta gaba, ita kuma tana banƙarewa don kada ta kife, sai naman gadon baya ya yini a ɗaure. Naman ciki, wanda a da yake taya ƙashin baya ɗaukar jiki, ya miƙe ya yi laushi. Ga kuma sinadaran da jiki ke fitarwa, irin su rilaksin, suna sassauta jijiyoyin da suka ɗaure gaɓoɓin ƙugu domin hanya ta buɗe ranar haihuwa. Hikima ce ta Ubangiji, sai dai gaɓar da ta sassauta ba ta jure wahalar da ta saba jurewa.

Gaɓoɓin nan guda 3 ne: biyu a baya, inda ƙashin baya ya haɗu da ƙugu dama da hagu, ɗaya a gaba, ƙasan mara. Mai ciwon ƙugu za ta gaya maka tana jin sa in ta juya a shimfiɗa, in ta ɗaga ƙafa ɗaya za ta haye dokin ƙofa, in ta hau bene, ko in ta buɗe ƙafa za ta hau babur. Wata har ƙara take ji a ƙashin. Ciwon ba ya cutar da jaririn da ke ciki, amma yana iya hana uwar barci da tafiya.

Yanzu mu dubi yinin wannan mata. Da asuba ta sunkuya da gajeriyar tsintsiya ta share tsakar gida. Ta ja guga a rijiya, ta ɗauki bokiti da hannu ɗaya, jiki a karkace. Ta yi surfe ko daka. Ta duƙa a kan bahon wanki awa guda. Ta zauna a kujera 'yar tsugunno gaban murhu, gwiwa ta fi ƙugu tsawo. Duk wannan kuma ga yaron da aka yaye bai daɗe ba, yana goye a baya ko yana saɓe a kwankwaso ɗaya. In da za a tambaye ni in tsara ayyukan da suka fi tsananta ciwon ƙugu, da waɗannan zan lissafa. Shi ya sa na yi murna da ganin maza a wannan zaure, domin babu ƙwayar da za ta yi wa matarka abin da ɗauke mata ɗiban ruwa zai yi. Malam, in ba za ka ja gugan da kanka ba, ka saya wajen mai garuwa. Kai hatsi inji. Ɗaura wa tsintsiya sanda ta yi tsawo. A ɗora bahon wanki a kan benci. Abokiyar zama da ƙannen miji su karɓi goyon. Irin wannan taimako ba ya sangarta mace, kuma wadda ta huta yau ita za ta iya tsayuwa da ƙafarta ranar naƙuda.

Ke kuma 'yar'uwa mai ciki, ga abin da ke hannunki. In za ki ɗauki abu a ƙasa, ki lanƙwasa gwiwa ki tsugunna, ki jawo shi kusa da jiki sannan ki miƙe. In za ki sa siket ko wando, ki zauna, kada ki tsaya da ƙafa ɗaya. Wajen kwanciya ki kwanta ta gefe, ki sa matashi tsakanin gwiwoyi, wani kuma ƙarƙashin ciki. Daga mako na 28 ma kwanciyar gefe ta fi rigingine aminci ga jaririn kansa. In za ki juya, ki haɗe gwiwoyi ki juya gaba ɗaya, kafaɗa da ƙugu tare. A Daidaita Sahu ya fi miki babur, kuma ki shiga da ƙafafu a haɗe. Tawul da aka jiƙa da ruwan ɗumi, a ɗora a gadon baya, yana sauƙaƙa ciwo, haka ma tausa mai laushi. Amma kada a taka miki baya, kada a matsa ciki. In ruku'u da sujada sun gagara, malamanmu na nan, sun sani shari'a ta ba mara lafiya damar yin salla a zaune.

Kada kuma a ji na ce hutu a ɗauka kwanciya nake nufi. Jikin da ya yini a katifa ƙagewa yake yi. A ƙa'idojin awon ciki da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2016, waɗanda suka ce mace ta je awo aƙalla sau 8, an ba da shawarar motsa jiki a kai a kai domin kare ciwon baya da ƙugu, an kuma ambaci gashin ƙashi da ɗamarar tallafe ciki cikin hanyoyin samun sauƙi. Tafiya a hankali da gajeren taku, ko da a tsakar gida ce, motsa jiki ce. Haka durƙusawa a kan hannu da gwiwa, ki ɗaga gadon baya sama kamar kyanwa in ta yi miƙa, sannan ki saki. Haka matse naman da kike riƙe fitsari da shi na 'yan daƙiƙoƙi, ki saki, ki maimaita. Manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Ƙashi na Dala suna da sashen gashin ƙashi, kuma mai ciki tana da haƙƙin neman a tura ta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne kemis. Ciwo ya yi tsanani da dare, a aiki yaro, "Je ka ce a haɗo maganin ciwon jiki." Haɗin nan sau da yawa akwai ibuprofen ko diclofenac a ciki. A 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan shan irin waɗannan daga mako na 20, domin suna taɓa ƙodar jariri har ruwan mahaifa ya ragu. Daga wajen mako na 30 kuma suna iya rufe wata hanyar jini kusa da zuciyarsa tun lokacin rufewarta bai yi ba. Farasitamol shi ne wanda aka fi amincewa da shi, shi ma a gwargwadon da ma'aikacin lafiya ya faɗa. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, a ajiye su.

Akwai kuma ciwon bayan da dauriya a kansa haɗari ce. In ya zo da zazzaɓi ko zafin fitsari, yana iya zama cuta ta hau ƙoda. In yana zuwa yana lafawa, ciki na tamkewa, alhali ba a kai mako 37 ba, wataƙila naƙudar bakwaini ce. In akwai jini ko ruwa ya fashe, ko motsin jariri ya ragu, ko ƙafa ta yi sanyi ta mutu, ko mace ta daina jin taɓi a tsakanin cinyoyi, ko fitsari da bayan gida sun ƙwace mata, a tafi asibiti a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne. Mai sikila kuwa, wadda muke da irinta da yawa a ƙasar nan, duk ciwon ƙashin da ya taso mata da ciki a kai ta likita ya gani.

Ga abokan aikina masu awo: layi yana da tsawo, na sani, amma bayan an auna hawan jini an saurari bugun zuciyar jariri, a ƙara tambaya guda, "Kina iya juyawa a shimfiɗa ba ciwo?" Wadda kunya ta hana ta kawo ƙara za ta amsa in an tambaye ta. A rubuta a katinta, domin ranar haihuwa ungozoma ta san iyakar buɗewar da ƙafafunta ke iya yi, ta bar ta ta kwanta ta gefe ko ta durƙusa in hakan ya fi mata sauƙi. Yawancin mata ciwon kan tafi cikin makonni ko 'yan watanni bayan haihuwa. Wadda ta yi arba'in, ta kai wata 3 tana ɗingishi, a dawo da ita a duba ta.