Bode Thomas: Lauyan da Ya Kare Sardauna, Ya Rasu Yana da Shekara 34



A Surulere ta Legas akwai titin Bode Thomas, kuma da yawa daga masu bin sa kullum abu ɗaya suka sani game da mai sunan, wato labarin mutuwarsa. Wannan takarda za ta duba abin da ya yi kafin nan.

An haifi Olabode Akanbi Thomas a 1919. Ya yi karatu a makarantar CMS ta Legas, ya wuce Landan ya zama lauya a 1942. Bai jima da dawowa ba aiki ya kawo shi Arewa. Kotun Sarkin Musulmi ta sami Sardauna Ahmadu Bello, wanda ke aiki a Gusau a lokacin, da laifin cin kuɗin jangali. Ya ɗaukaka ƙara zuwa Zariya, Thomas ya tsaya masa, aka wanke shi. Da hukuncin farko ya tabbata, da wuya Sardauna ya zama Firimiyan Arewa.

A 1948 shi da Rotimi Williams da Remi Fani-Kayode suka buɗe kamfanin lauyoyi na haɗin gwiwa na farko mallakar 'yan ƙasa. A siyasa kuwa yana cikin na gaba-gaba wajen cewa kowane yanki ya kafa jam'iyyarsa, sannan a haɗu a tsakiya. Kan wannan tunani aka gina jam'iyyar AG, ya zama mataimakin shugabanta Awolowo, kuma ministan sufuri a 1952.

Sai ga 1953. Ranar 31 ga Maris Anthony Enahoro na AG ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, Sardauna ya ce sai lokacin da ya dace. Thomas da sauran ministocin AG suka ajiye aiki. Lauya da wanda ya kare sun koma abokan hamayya, kuma a watan Mayu rikici ya ɓarke a Kano.

A gida ma bai zauna lafiya ba. Yana riƙe da sarautar Balogun na Oyo, yana kuma shugabantar majalisar gundumar Oyo, abin da ya haɗa shi da Alaafin Adeniran Adeyemi na Biyu. Mutum ne mai kaifin baki, ba ya ragawa kowa. Bayan wata sa-in-sa da Alaafin a majalisa ya kwanta ciwo, ya rasu ranar 23 ga Nuwamba, 1953. Jama'a suka ce baki Alaafin ya yi masa. Magana ce ta gari wadda ba wanda ya tabbatar, amma ta ƙara ɓata tsakanin sarkin da gwamnatin AG, wadda daga baya ta tuɓe shi.

Ya kamata masu bincike, musamman na jami'o'in Arewa, su bar zancen baki su nemo takardun shari'ar Zariya.