Ƙwallon Dabino: Arzikin da Muke Zubarwa a Juji



Alƙaluman Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna ana girbe dabino sama da tan miliyan 9 duk shekara, Masar da Saudiyya na kan gaba, Aljeriya da Iran na biye. Ƙwallo kuwa ya kai kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyin ɗan dabino. Ke nan aƙalla tan dubu 900 na ƙwallo ne ke fita kowace shekara, ban da ganye da rassa da dabinon da ya lalace. Kaɗan ake niƙa wa dabbobi, wasu a ƙasashen Larabawa su soya shi su sha kamar gahawa. Sauran juji ne ko wuta.

Abin da ya kawo ni shi ne abin da ke cikin wannan ƙwallo. Sinadaran fenol da ke cikinsa sun fi na naman dabinon yawa nesa ba kusa ba: akwai asid ɗin galik da kafeyik da ferulik, ga kuma katekin, irin wanda ake samu a ganyen shayi. Su ne ke hana iskar oksijin ɓata mai har ya yi wari. Ga kuma mai, kashi 5 zuwa 13 cikin ɗari, wanda asid ɗin oleyik ya fi yawa a cikinsa, kuma ba ya saurin lalacewa. Fitar da sinadaran fenol ɗin ba sai da na'urar miliyoyi ba. A wanke ƙwallo, a shanya, a niƙa, a jiƙa garin cikin itanol da aka sirka da ruwa, a tace. Girgiza shi da igiyar sauti mai ƙarfi na rage lokaci sosai. Zafi kawai za a kiyaye, domin idan ya yi yawa yana lalata sinadaran.

An gwada ruwan da aka tace a kan ƙwayoyin Staphylococcus aureus da E. coli, ya hana su yaɗuwa, musamman na farkon. A faranti ne na ɗakin gwaji, don haka kada kowa ya fita nan ya ce mun samo magani. Amma binciken da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ce mutum miliyan 1.27 suka mutu a 2019 saboda ƙwayoyin cuta masu bijire wa magani, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi kowa jin jiki. Wanda ke cikin wannan hali bai kamata ya raina duk abin da zai rage masa ƙwayoyin cuta a abinci ba.

Inda ya fi kusa a ci gajiyar ruwan ƙwallon shi ne adana abinci: man gyaɗa da kilishi, a maimakon sinadaran adana abinci na BHA da BHT da ake shigo da su.

Muna da reshen binciken dabino na cibiyar NIFOR a Dutse. Nijar na da dabino a Bilma da Ingal da Timiya. Duk azumi kasuwanninmu cike suke da shi. Amma hukumomi ba su san komai ba sai rabon dashe a gaban 'yan jarida. Wa ya ware kuɗin tattara ƙwallo? Ɗalibanmu na yin gwajin, a ba su digiri, kundin ya kwanta a kanta yana shan ƙura.

Buƙatata ita ce a kafa ƙaramar masana'antar gwaji a Jigawa, a auna fenol na irin dabinon da muke nomawa, tunda yawansa ya danganta da iri da ƙasar da aka shuka, sannan NAFDAC ta fitar da ƙa'idar sa shi a abinci.