Gaton Karas a Faranti: Jawabi ga Iyaye Mata da Wakilan Lafiya na Tasawa da Mayahi

Iyayena mata, yayyena da ƙannena, da ku wakilan kiwon lafiya na garuruwa da kuka taso daga Urafan, Korgom, Maijirgi, Kanambakace, Sarkin Hausa da sauran wurare, ina yi muku barka da zuwa. Allah ya saka da alheri, ya maida kowa gidansa lafiya.

Yau maganarmu a kan karas take, wanda wasunmu ke kira karoti, da yadda za a yi gato da shi a gida ba tare da tanderun Turawa ba. Na san wata za ta ce a ranta: ana fama da abin tuwo, wa ke zancen gato? Tambaya ce mai kyau, kuma da ita zan fara.

A yawon da nake yi gida-gida, abin da na fi gani tsakanin hantsi da azahar shi ne yaro ɗan shekara biyu ko uku yana kuka, an sha fura ko kunu tun da safe, tuwo kuwa sai dare. Uwa tana daka ko tana bakin rijiya, sai ta kwance bakin zane ta miƙa masa dala biyar ko dala goma, ya ruga wajen mai tebur ya sayo alawa ko biskit. Kuka ya tsaya, amma jiki bai samu komai ba sai sukari. Cikin yaro ƙarami ne, ba ya ɗaukar abinci mai yawa a zama ɗaya. Shi ya sa ƙa'idar ciyarwa ta ce yaro daga wata 9 zuwa wata 23 ya ci abinci sau 3 zuwa 4 a yini, a ƙara masa ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2, ban da nonon uwa. Wannan ɗan abin taɓawar shi nake so mu gyara. Kuɗin da ke tafiya wajen mai tebur kullum, in an tara na ƴan kwanaki, zai sayi karas da ƙwai.

Me ya sa karas? Jan launin nan nasa alama ce ta wani sinadari da jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Bitamin A shi ke tsare ido, shi ke ƙarfafa fata da hanji da hanyar numfashi, su iya tare cuta. Yaron da ya rasa shi yakan fara da dundumi: da magariba ta yi sai ya riƙa tuntuɓe, ya kasa gane kwanon tuwo a gabansa. In abin ya yi nisa ido kan bushe, har a rasa shi gaba ɗaya. Irin wannan yaron kuma, in ƙyanda ko zawo suka kama shi, sun fi yi masa illa. Domin haka ne ake ɗiga wa yara bitamin A a baki duk bayan wata 6, tun daga ɗan wata 6 har zuwa wata 59: shuɗiyar ƙwaya ga wanda bai cika shekara ba, ja ga wanda ya cika. Kada ku bari ɗigon ya wuce ƴaƴanku. Amma ɗigo sau biyu ne a shekara, abinci kuwa kullum ne.

Akwai abu biyu da ya kamata ku riƙe game da karas. Na farko, jiki ya fi cin moriyarsa in an dafa shi ko an gasa, fiye da ɗanye. Na biyu, sinadarin nan sai da maiƙo yake shiga jiki da kyau. Ke nan ɗanyen karas da yaro ke gwaguya a kasuwa amfaninsa kaɗan ne, ga kuma haɗarin ya maƙale wa ƙaramin yaro a maƙogwaro. Gato ya haɗa duka biyun: karas ya nuna, kuma ga mai a ciki.

Kada sunan gato ya sa ku ɗauka abincin masu kuɗi ne. A Ingila ya yaɗu ne lokacin yaƙin duniya na biyu, tsakanin 1939 da 1945, sa'ad da sukari ya yi wuya har hukuma ke raba shi da awo. Mata suka koma ga zaƙin karas domin su rage sukari. Dabara ce ta lokacin rashi, mu kuwa ba baƙin dabara ba ne.

Ga kayan haɗi, da awon ƙaramin gwangwanin madara wanda kowane gida ke da shi. Garin hatsi mai laushi, gwangwani 2. Garin alkama, gwangwani 2. Ƙuli-ƙuli marar yaji da aka daka aka tankaɗe, gwangwani 1. Karas matsakaita 4 ko 5. Ƙwai 3. Man gujiya, gwangwani 1. Nono mai kyau, gwangwani 1. Dabino 10 da aka jiƙa aka cire ƙwallo aka daka, ko ayaba 2 nunannu. Hodar tashin gato, ƙaramin ƙunshi 1, irin wanda ake sayarwa a kanti. Sai ɗan gishiri mai iyod, abin da yatsu biyu suka ɗauka. Kun ga ban ambaci sukari ba. Zaƙin karas da dabino ya isa, kuma yaron da bai kai shekara 2 ba bai kamata a saba masa da sukari ba.

Kafin ki taɓa komai, uwar gida, ki wanke hannu da sabulu. Ki wanke karas da ruwa mai tsabta, ki kankare bayansa sama-sama, ki goge shi a magogi ya yi ƙanana. In babu magogi, ki yanyanka shi, ki ɗan tafasa shi a ruwa kaɗan har ya yi laushi, ki kirɓa a turmi mai tsabta. Ruwan tafasar kada ki zubar, ki sa a miya. Ki duba gujiya ko ƙuli-ƙulin da kyau: duk wanda ya yi funfuna ko yake ɗaci a jefar da shi, domin funfunar gujiya tana ɗauke da guba mai cutar da hanta, kuma wuta ba ta kashe ta.

Ki fasa ƙwai ɗaya-ɗaya a wani kofi dabam, ki tabbata bai lalace ba, sa'an nan ki zuba a kwano ki kaɗa. Ki zuba mai da nono da dabino, ki juya. A wani kwanon ki haɗa garin hatsi, garin alkama, ƙuli-ƙuli, hoda da gishiri. Ki juye garin cikin ruwan ƙwan, ki zuba karas, ki gauraya a hankali har gari ya ɓace. Ƙullin ya fi na waina kauri, ya riƙa faɗowa daga ludayi da nauyi. In ya yi tauri ki ƙara nono kaɗan. Da zarar kin haɗa kada ki ajiye shi, domin hodar tana fara aiki ne tun da ta ji ruwa.

Tanderunmu shi ne babbar tukunyar ƙarfe. Ki zuba rairayi mai tsabta a ƙasanta, kaurin yatsu uku, ki rufe, ki ɗora a kan garwashi ya yi zafi tun kina haɗa ƙulli. Ki shafe faranti mai ɗan zurfi da mai, ki barbaɗa gari, ki zuba ƙullin kada ya wuce rabin zurfinsa, domin zai tashi. Ki ɗora farantin a kan rairayin, ki rufe tukunya, ki zuba garwashi kaɗan a kan murfin domin sama ma ya gasu. Wuta ta zama matsakaiciya. Harshen wuta yakan ƙona ƙasa ya bar ciki ɗanye. Kada ki buɗe kafin rabin awa. Daga minti 35 zuwa 45 ki soka tsinke mai tsabta a tsakiya: in ya fito a bushe, ya nuna, in ƙulli ya biyo shi, ki ƙara masa lokaci. Ɗanyen ƙwai ba na cikin yaro ba ne. Ki sauke, ki bari ya huce, ki yanka shi gida 16. Ki janye yara daga wurin, domin rairayin yana daɗewa da zafi.

Wadda ba ta da garin alkama ta yi da hatsi zalla, ta ƙara ƙwai ɗaya; zai ɗan riƙa marmashewa, amma amfaninsa na nan. Wadda ba ta da babbar tukunya ta zuba ƙullin a tanda kamar waina, da wuta kaɗan.

Masana abinci sun kasa abincin ƙaramin yaro gida 8, suka ce ya samu aƙalla 5 a kowace rana. Wannan gato ya taɓo hatsi, ya taɓo gujiya, da ƙwai, da nono, da kayan lambu mai bitamin A. Amma yanki ɗaya kaɗan-kaɗan ya ɗauko daga kowanne, don haka ƙari ne a kan tuwo da miya da wake, ba madadinsu ba.

Wa za a ba? Jaririn da bai kai wata 6 ba, nonon uwa kaɗai, ko ruwa ba a ba shi. Daga wata 6 zuwa shekara, a dafa karas a murje shi cikin kunu da ɗan cokalin mai. Daga shekara ɗaya a ba shi rabin yanki, a marmasa masa, uwa na zaune kusa. Manyan yara, mai ciki da mai shayarwa su ci yanki guda. A rufe saura daga ƙuda, a cinye shi ranar ko washegari, domin ba ya jure zafinmu. In faranti ya yi wa gida ɗaya yawa, maƙwabta uku ko huɗu su haɗa hannu: wannan ta kawo ƙwai, waccan gari, waccan karas, a gasa a raba.

Karas ɗan lokacin sanyi ne. Yana cika kasuwa daga lambunan rani kamar daga Disamba zuwa Maris, sa'an nan ya yi tsada ya ɓace. In ya yi araha ku saya da ɗan yawa, ku yanka siriri, ku tsoma a tafasasshen ruwa na ɗan lokaci, ku shanya a inuwa mai iska, domin rana tana cinye sinadarin. In ya bushe ƙarau a ajiye a rufaffen mazubi, a riƙa dakawa ana sa wa kunu. In ya ƙare, kabewa tana maye gurbinsa a wannan haɗin, haka ma dankali mai jan ciki. Da bazara ga mangwaro, da damina ga ganyen zogale.

Ku wakilan lafiya, ga nauyin da ke kanku. Gani ya kori ji: ku gasa shi a gaban mata, ku bar su su auna da hannunsu. Ku fara tambayar abin da ke cikin gida kafin ku ce a sayo wani abu. Kuma ku faɗa musu a fili cewa gato ba maganin tamowa ba ne. A ci gaba da auna damtsen yaro da zaren awo. In ya nuna kore, alhamdu lillahi. In ya nuna rawaya, wato tsakanin milimita 115 da 125, a je likita a duba shi. In ya nuna ja, ƙasa da 115, ko ƙafafu biyu suka kumbura har yatsa na lotsawa, a kai shi CSI a ranar, kada a kwana. Abincin tamowa na leda da likita ke bayarwa magani ne na yaron da aka rubuta wa shi kaɗai: ba a raba shi, ba a sayar da shi, ba a zuba shi a gato.

Manyanmu da ke nan ba su manta 2005 ba, shekarar da gidajen jinyar tamowa na jihar Maraɗi suka cika da ƴaƴanmu. Yaron da ya shiga damina da ƙarfinsa ya fi jure zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin hatsi, kuma ƙarfin nan yanzu ake tara shi, tun rumbu da sauran hatsi, kaji na ƙwai, karas na kasuwa. Ina roƙon kowace uwa ta gwada sau ɗaya kafin zamanmu na gaba, ta zo ta gaya mana yadda ya kasance, ko da ƙonewa ya yi, mu gyara tare.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba su lafiya mai ɗorewa.